Na Ƙaurace wa Tuwon Gidanmu Saboda Ciwon Suga, Yanzu Amaryata Ta Daina Shiga Ɗakina

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 44, ina zaune a Zariya. Mu biyu ne a wurin maigida, ni ce uwargida. Kwana bibbiyu muke girki, tukunya ɗaya, kuma a da tsakanina da amaryata sai son barka. Wata biyu da suka wuce na je asibiti saboda yawan fitsarin dare da ƙishirwa, aka gwada ni ban karya ba aka samu 214, aka ce ciwon suga ne. An ba ni metformin da wata ƙaramar ƙwaya, glibenclamide, da nake sha da safe. Ma'aikaciyar jinya ta ce in rage kabohaidiret, layi ya yi tsawo ban samu na yi mata tambaya ba. Tun daga ranar na yanke tuwon masara da shinkafa da taliya da biredi. Acha nake ci da tuwon alkama da ɗanwake, kuma sai na ƙoshi, tunda an ce su ne abincin masu suga. Hajiyarmu ta hana ni sukari, ta kawo mini zuma da dabino, tana kuma jiƙa mini garahuni. Duk da haka in na gwada da safe ba ya sauka ƙasa da 170. Ranar girkin amarya nakan mayar mata da kwanona yadda ta kawo, wani lokaci in wuni da ruwan shayi. Rannan na sha magani ban ci komai ba, wajen azahar jikina ya kama rawa, gumi ya keto mini, sai kwanciya na yi. Yanzu ta ce wai zargin ta nake yi, ta daina shiga ɗakina. Maigida kuma ya ce ba zai iya cefane biyu ba a wannan tsadar. Wannan ciwon ne ya sa aka yanke wa gwaggona ƙafa, shi ya sa nake tsoro. Me zan ci, kuma yaya zan gyara gidana?

Wata baiwar Allah, Zariya

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Sannu da jiki, Allah ya sa kaffara ne. Wanda ya ga abin da ya sami gwaggonsa da idonsa, dole gabansa ya faɗi ranar da aka ambata masa sunan ciwon, don haka ban ga laifinki a kan tsoro ba. Sai dai tsoron ya kai ki ya baro. Kin gudu daga tuwon gidanku kin faɗa wa wani tuwon da kusan duk ɗaya suke, a hanya kuma kin ɓata da wadda ta fi kowa damar taimaka miki.

Zan fara da ranar da jikinki ya kama rawa, domin ita ta fi tayar mini da hankali, fiye ma da 170 ɗin. Aikin glibenclamide shi ne ya matsa wa jiki ya saki insulin, sinadarin da ke sauke sukarin jini, ko kin ci abinci ko ba ki ci ba. In kika sha shi kika wuni da ruwan shayi, sukarin jininki zai iya faɗuwa ƙasa da 70, alamun kuwa su ne waɗanda kika gani: rawar jiki, gumi, faɗuwar gaba, jiri, wani ma har ya rikice ko ya suma. Kwanciya ba ta maganin wannan. In ya sake faruwa ki gwada in na'urar gwajin suga na kusa, in ba ta kusa kada ki tsaya nema. Ki jiƙa sukari cokali 3 zuwa 4 na shayi ki shanye, ko rabin kofin lemon kwalba mai sukari, ki jira minti 15 ki sake gwadawa. In bai haura 70 ba ki maimaita, sannan ki bi da abinci. A irin wannan lokaci sukarin da Hajiya ta hana shi ne magani, saboda haka ki ajiye shi a jakarki da gefen gadonki. Kowa a gidan ya san da wannan, ya kuma san cewa wanda ya suma ba a ɗura masa komai a baki, asibiti ake garzayawa da shi. Ki ba likita wannan labari tun kafin ya tambaya, don yana iya sa ya rage ƙwayar ko ya canza ta.

Ma'aikaciyar jinyar nan gaskiya ta faɗa miki, lokacin bayani ne ba ta samu ba. Kabohaidiret shi ne ɓangaren abinci da ciki ke narkarwa ya mayar da shi gulukos, wato sukarin da ke yawo a jini, wanda jiki ke ƙonawa ya samu ƙarfi. Ƙwaƙwalwa ma da shi ta fi dogara. Akwai wanda harshe ke ji nan take, irin na rake da zuma da dabino da 'ya'yan itace, har ɗan wanda ke cikin madara da nono. Akwai kuma sitaci, wanda ke cikin gero da dawa da masara da shinkafa da alkama da acha, da doya da rogo da dankali da makani. Shi sitaci ba ya da zaƙi a baki, shi ya sa mutane da yawa ba sa lissafa shi, amma kafin ya wuce hanji ya zama sukari. Ki gwada tauna lomar gurasa ko biredi ki daɗe ba ki haɗiye ba, za ki ji ta soma zaƙi, yawu ne ya fara aikin tun a baki. Ɗan'uwansu na uku shi ne faiba, wato dusar hatsi da ɓawon wake da zare-zaren ganye. Shi ba ya narkewa, ba ya ɗaga sukari, hasali ma jan ƙafar sauran yake yi kada su shiga jini da gudu.

Mai lafiya in ya ci tuwo, insulin ɗinsa yakan kwashe sukarin daga jini ya shigar da shi tsoka da hanta ba tare da ɓata lokaci ba. Ke naki insulin ɗin yana nan, amma jiki ba ya jin maganarsa yadda ya kamata, kuma bai isa ba. Ki ɗauka kamar rariyar tsakar gida ce da ta ɗan toshe. In yayyafi ake yi za ta janye ruwan ba wanda ya lura, in aka kece da mamako lokaci guda sai ruwa ya taru har bakin ɗaki. Aikinki da abinci shi ne ki mayar da shi yayyafi.

Yanzu ga maganar da ba za ta yi miki daɗi ba. In aka auna gram 100 na busasshen hatsi, ko gero ne ko dawa ko masara ko shinkafa ko alkama ko acha, kabohaidiret ɗin da ke ciki yana tsakanin gram 70 ne zuwa 80. Babu wanda ya fita zakka a cikinsu. Acha abinci ce mai kyau, alkama ma haka in an niƙa ta da dusarta, amma malmala uku na tuwon alkama sun fi malmala ɗaya ta tuwon masara ɗaga sukari, nesa ba kusa ba. Kada ki manta fulawar da ake biredi da taliya da fanke da ita, alkama ce aka cire wa dusa. Falalar da ake ba alkama ta dusar ce, kuma geron gidanku da dawarku suna da irinta muddin ba a surfe su tas ba. Ɗanwake kuwa sunan ne na wake. In kin tsaya kin ga ana haɗa garinsa, sau da yawa alabo ko fulawa sun fi waken yawa a ciki. Wake tsagwaronsa daban ne: dafaffe gram 100 bai wuce kabohaidiret gram 20 da 'yan kai ba, ga faiba, ga sinadarin gina jiki, yana kuma riƙe ciki. Shi ya sa in za a yi garau-garau, naki waken ya rinjayi shinkafar.

Zuma da dabino ma sai an yi hattara. Darajarsu a addini ba abin jayayya ba ce, amma ko magani yana da ƙa'idar sha. Kusan kashi 80 cikin 100 na zuma sukari ne, babban cokali ɗaya yana ɗauke da wajen gram 17, ya ma ɗara na cokalin farin sukari. Busasshen dabino kuwa kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsa sukari ne. Ɗaya ko biyu bayan abinci jefi-jefi ba za su rushe komai ba, amma cin sa kamar gyaɗa da tsiyaya zuma a shayi safe da yamma, ina kyautata zaton suna da hannu a wannan 170 ɗin.

To me za ki ci? Abincin gidanku, da sabon ma'auni. Masana abinci kan ce a raba faranti gida huɗu, rabi ganye, kwata nama ko kifi ko ƙwai ko wake, kwata kuma mai sitaci. A kwanonmu na tuwo da miya, ma'anar ita ce malmala ɗaya daidai dunƙulen hannunki, ba malmalar da mara ke kwasowa ba, miya kuma mai kauri wadda ganye ya yi mata yawa: taushe da alayyafo, kuɓewa, kuka, karkashi, yakuwa, zogale. Kafin ki kai hannu kan tuwon ki fara da kwaɗon zogale ko rama ko tafasa da ɗan ƙuli-ƙuli, ko ki yanka kabeji da kokwamba da yalo. Fara cin ganye da nama kafin sitaci yana rage tashin da sukari ke yi bayan abinci, yana kuma cika ciki yadda ƙaramar malmalar ba za ta zame miki horo ba. Ranar shinkafa, cikin kofin shayi ɗaya na dafaffiya yana da kabohaidiret wajen gram 45, ki fara da wannan ki ga abin da na'ura za ta ce. Da kifi ko ƙwai ko awara daidai tafin hannunki, kin ci abinci ke nan. Yanayin niƙa ma yana da tasiri. Gari mai laushi luƙui ya fi saurin narkewa a kan tsaki, don haka burabusko da dambu mai yawan zogale da faten tsaki da aka cika wa rama sun fi tuwon laushi sauƙi a jikinki. A riƙa sassauta surfe, kuma a sa hannu da hankali wajen mai da gishiri da dunƙulen ɗanɗano, saboda suga da hawan jini sun saba tafiya tare.

Inda na fi son ki tsananta shi ne abin sha. Abin da aka sha ya fi wanda aka tauna saurin shiga jini. Kwalbar lemo ta 50cl takan ɗauki sukari cokali 10 na shayi ko fiye, lemon malt ɗin da ake kai wa marasa lafiya dubiya shi ma sukari ne, haka zoɓo da kunun aya da kunun zaƙi na sayarwa. Waɗannan ki bar su, sai ranar da sukari ya faɗi. Zoɓo a ɗebar miki naki kafin a zuba sukari, da citta da kanumfari ya wadatar. Koko da kunun tsamiya ko ba sukari sitaci ne narkakke, ki sha ƙaramin kofi tare da ƙosai ko alale ko dafaffen ƙwai, ba cikin jug da biredi ba. Fura kuwa rabin dunƙule, nono ya fi yawa, babu sukari. 'Ya'yan itace ki ci su da tsokarsu maimakon matsewa: gwaiba, lemon zaƙi ɗaya, yankan gwanda ko kankana. Lokacin mangwaro ƙarami ɗaya ya isa, ba a zauna gaban roba ba.

Kada ki tsallake abinci, musamman da wannan ƙwayar ta safe. Sau uku a rana, a lokutan da ba sa canzawa sosai. Bayan kin ci kuma kada ki miƙe a kan tabarma. Tafiyar minti 10 zuwa 15, ko zagayen tsakar gida ne ko shara, tana sa tsoka ta zuƙe sukarin tun bai taru ba.

Ba sai kin yarda da ni ba, na'urarki za ta raba gardama. Abin da likitoci ke nema ga yawancin manya shi ne 80 zuwa 130 kafin cin abinci, da ƙasa da 180 awa biyu bayan fara ci. In taki irin mai nuna 7 ko 10 ce, ki ninka da 18 ki samu wancan lissafin. Yau ki ci tuwon alkamarki yadda kika saba, ki gwada bayan awa biyu ki rubuta. Gobe ki ci tuwon masarar amarya daidai dunƙulen hannu, da kwaɗo a gaba da miya mai ganye, ki gwada ki rubuta. Na san tsinken gwaji da tsada, don haka ba sai kowane abinci ba. Ki riƙa zaɓar ɗaya a rana kina juyawa, yau na safe, gobe na rana, jibi na dare. Cikin mako biyu littafin zai nuna miki abincin da jikinki ke ɗauka da wanda ba ya ɗauka, domin mutum biyu kan ci kwano ɗaya lambarsu ta bambanta. Game da lambar safe kuma, ba abincin dare kaɗai ke kawo ta ba. Hanta takan saki sukarin da ta adana gab da asuba, kuma a jikin mai suga takan wuce gona da iri. In kin gyara ci lambar ta ƙi sauka, aikin likita ne ya duba magani, ba naki ba ne ki ƙara horar da kanki da yunwa.

Sai amarya. Ki sa kanki a matsayinta. A gidan Bahaushe mayar da kwano ba a taɓa ba magana ce, kuma tsakanin abokan zama kin san fassarar da ake yi mata. Ta sha hayaƙi ta tuƙa, ta aiko, ya dawo mata a rufe, ba sau ɗaya ba, ba kuma tare da bayani ba. Ba sharri ta ƙulla miki ba, abin da ta gani ta karanta. Ke ce babba, ke kuma kika san dalili, don haka ke za ki taka zuwa ɗakinta. Kada ki aika yaro, kada ki bari sai maigida ya tara ku. Ki shiga da na'urarki a hannu ki ce mata, "Ƙanwata, ki yi haƙuri, wallahi ba girkinki na guda ba, tsoro ne ya ruɗa ni. Ga abin da likita ya ce, ga abin da ya same ni rannan, ina neman taimakonki." Ki gwada jininki a gabanta, ki nuna mata inda kika ajiye sukari. Ranar da jikinki zai sake rawa maigida yana kasuwa ko ofis, Hajiya tana gidanta, ita ce a tsakar gida.

Abin da za ki roƙa a wurinta kada ya zama ƙarin aiki, in ba haka ba gyara zai koma sabon ƙorafi. Ƙaramar malmala, miya ta ɗan fi yawa, a ɗebi naki kunu ko ƙullin waina kafin a sa sukari, shi ke nan. Kwaɗo da yanke-yanken ganye ke za ki riƙa yi da kanki, ki kuma zuba mata nata. In ta ɗauki lokaci ba ta huce ba, ki ƙyale ta, amma kwano kada ya sake komawa a rufe. Ki karɓa ki yi godiya, ki ci gwargwadonki, yara su cinye saura. Ranar da aka yi taliya ko indomi zalla, ki ɗebi kaɗan ki cike da ƙwai ko dafaffen wake da kabeji.

Maigida yana da gaskiya a kan cefane biyu, kuma kin ga ma ba a bukatarsa. Kuɗin acha da alkama ya fi amfani in ya tafi kan magani da tsinken gwaji da ganye da ƙwai. Nan ne kuma zan ja kunnensa: waɗannan ba a yi musu ƙwauro, kuma ba a yanke magani don lamba ta yi kyau na mako ɗaya. Ki lallaɓa shi ya raka ki asibiti ko sau ɗaya ya ji da kunnensa, shi ma a gwada shi tunda ya je. Ciwon yana bin jini, ga gwaggo ga ke, don haka rage lemo da ƙara ganye a tukunyar gidan gata ne ga 'ya'yanki tun yanzu.

Hajiya kuwa ƙauna ce ta sa ta jiƙe-jiƙe, kada ki gwasale ta. Amma ɗaci ba ya goge zaƙin da ya riga ya shiga jini, kuma garahuni ba ya maye gurbin ƙwaya. Haɗa shi da glibenclamide ma yana iya ƙara kayar da sukari, sauran haɗe-haɗen da ba a san abin da ke ciki ba kuma ƙoda ce ke ɗaukar nauyinsu. Ki ce mata likita ya ce a dakata sai ya gani, ki kuma ba ta wani aikin da za ta ji tana cikin jinyar: ta shanya miki zogale da kuɓewa, ta daka miki kuka, ta sa a kawo gero daga ƙauye.

Abin da ya sami gwaggo ba rana ɗaya yake zuwa ba. Shekaru ne na sukari a sama ke kashe jijiyoyin ƙafa, mutum ya taka ƙaya ko ƙusa bai ji ba, ciwo ya ruɓe kafin a farga. Ke an gano naki, kina shan magani, kina gwaji. Ki riƙa duba tafin ƙafarki da tsakanin yatsu kowane dare, ki daina yawo ba takalmi ko a tsakar gida, kada ki kankare kaushi da reza, kuma duk ƙanƙantar ciwo ki kai asibiti. A duba miki ido da ƙoda sau ɗaya a shekara, hawan jini kuwa duk zuwa.

Tunda a Zariya kike, ki nemi likitanki ya tura ki wurin masanin abinci, akwai su a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Ki tafi da littafin gwajinki, da kwalin magungunanki, da ainihin kwano da kofin da kike ci da su, don ya auna miki da abin da kika sani. Ki tambayi gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sukarin wata uku, yawanci ana son ya sauka ƙasa da kashi 7 cikin 100. Ki kuma tayar da maganar azumi tun saura mako 6 zuwa 8 watan Ramadan ya kama, domin wannan ƙwayar ta safe ba a shiga azumi da ita sai likita ya sake tsara yadda za a sha.

Allah ya ba ki lafiya, ya daidaita tsakaninki da ƙanwarki.